Layin Mutum Biyu

Lokacin gasar ƙwallon duniya an ajiye ni gadi a wata ƙofar filin wasa na Lusail, an ba ni wani ɗan ƙarfe da ake dannawa a ƙirga masu shiga. Wata rana da la'asar layin dama ya cika har ya yi kwana, na hagu kuwa babu kowa, don ɗan Adam inda ya ga taro nan yake bi. Sai ga wata tsohuwa da sanda, ban san 'yar wace ƙasa ba ce, ta zo ta tsaya a layin hagu ita kaɗai tana jira in ƙirga ta. Na danna ƙarfen ya ce ƙas. Shugabanmu yana ta "yalla, yalla" a bayana, wato in yi sauri, ni kuwa tuni na koma garinmu ina ɗan shekara tara.

In kai ɗan zamani ne, ba ka ga irin zaɓen da aka taɓa yi mana ba. Babu ɗan lungun da za ka shiga ka dangwala a ɓoye. Hoton kowane ɗan takara ake kafawa a fili, ka je ka tsaya a bayan wanda kake so, a bi layi a ƙirga ku kamar tumaki a kasuwa. Maƙwabcinka yana ganinka, surukinka yana ganinka, uwa uba mai gari yana zaune a inuwa yana ganinka.

A shekarar nan ɗan majalisarmu ya rasu a hatsarin mota, aka ce za a yi zaɓen cike gurbi. Ɗan garinmu ne, kuma kakata ce ta yanke masa cibiya, don ita ce ungozomar garin. Ranar sadakar uku, ana zaune a tabarma ana karɓar gaisuwa, wani mai neman kujerar ya zo da motoci. Yana ciki yana shafa fatiha, yaransa suna waje suna manna hotunansa a bangon gidan mamacin da kokon rogo. Kakata ta fito daga wajen matan ta gani. Ta dawo gida ta ƙi cin tuwo, ta zauna tana ta sakace da tsinke alhali ba ta ci komai ba.

Bayan 'yan makonni mai gari ya tara magidanta ya ce garin nan layi ɗaya ne, kuma a bayan mutumin nan mai hotuna. Babana ya dawo ya faɗa a tsakar gida. Dole ya ɗauki maganar da nauyi, domin fadamar da muke noman rani a cikinta aron mai gari ce. Albasa da tumatirin fadamar nan su ke riƙe mu daga kaka zuwa faɗuwar ruwa. Har yau in na shiga kantin kayan miya a Najma, unguwar da nake zaune a nan ƙasar Larabawa, na ji ƙamshin ɗanyar albasa, sai in tuna sanyin laka a tsakanin yatsun ƙafata.

Ranar zaɓe bazara ta kai bazara, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Mu yara muka hau katangar makarantar firamare muna kallo. Layi guda ya miƙe daga gindin darbejiya har bakin rijiya, babana yana tsakiya. Hoton ɗaya ɗan takarar an jingine shi a jikin benci, iska ma ta karkatar da shi, ko kaza babu a bayansa. Sai ga kakata tana tafe tana dogara sanda, ta wuce dogon layi kamar ba ta gan shi ba. Ta gyara wa hoton nan zama, ta tsaya a bayansa. Wallahi ko sunan mai hoton ba ta iya faɗa daidai ba.

Mai gari ya aiko mutum ya ce a gaya wa tsohuwa ta ɓata hanya.

"Ka ce masa hanyar garin nan na riga shi saninta," in ji ta. "Shi ma a hannuna ya fara kuka."

Wasu suka toshe baki suna dariya. Mai gari ya kira malamin zaɓe, wani baƙon malamin makaranta da aka turo daga nesa, ya ja shi da hira, wai a bar rana ta yi aikinta. An san gwiwoyinta ba sa ɗaukar tsayuwa. Na ga gumi yana bin wuyanta, amma ba ta nemi inuwa ba. Tsoro ya kama ni, da kunya kuma, don yaran da ke kusa da ni sun fara cewa kakarku ta haukace.

Babana ya kasa jurewa. Ya fita daga layinsa ya je gabanta ya tsuguna, kamar yadda yake yi kullum in zai yi mata magana.

"Inna, ki yi wa Allah. Fadamar nan fa."

"Koma layinka, ban kira ka ba," ta ce. "Kai kana da 'ya'ya. Ni mamaci nake wa kara."

Yana nan tsugune sai malamin zaɓe ya gaji da hirar, ya ɗauki takardarsa ya fara da gajeren layi. Ya nuna kakata da biro ya ce ɗaya. Sannan ya dubi babana. Shi baƙo ne, bai san wa ya haifi wa ba, mutum kawai ya gani a bayan hoto.

"Malam, kai ma a nan kake?"

Kalma ɗaya za ta fitar da shi. Amma ka faɗa mini, wane ɗan halas ne zai buɗe baki a gaban gari guda ya ce ba ya tare da uwarsa? Babana ya miƙe a hankali ya karkaɗe gwiwar wandonsa. Ya juya ya kalli inuwar da mai gari yake, kallon da ban taɓa ganin ya yi wa wani babba ba.

"A nan nake," ya ce.

"Biyu," in ji malamin, ya rubuta.

Mai hotuna ya ci zaɓe, wannan ko makaho ya sani. Mai gari ya bari muka cire albasar shekarar, sannan ya aiko a ce yana bukatar wurinsa. Kayan aro dama ba ya rufe katara. Daga nan babana ya fara tafiya ci-rani kudu duk bayan girbi, yana dawowa a rame. Na yi shekaru ina jin haushin kakata a raina, ba zan ɓoye maka ba. Shi kuwa ban taɓa jin ya ɗora mata laifi ba. In an tayar da zancen sai ya ce shi dai da niyyar roƙo ya je, amma da bakinsa ya amsa, kuma ko yau aka sake tambaya amsar ke nan.

Dukansu ƙasa ta rufe musu ido. Yanzu a gida ana dangwala ƙuri'a a ɓoye, babu mai zama a inuwa ya ƙirga fuskoki, amma sai na ga mutane sun fi na da saurin sarewa. Ran wata Juma'a bayan masallaci muna cin shinkafa a ɗakinmu na Najma, zancen zaɓen gida ya taso. Wani direba da muke ɗaki ɗaya tun zaman kullen korona ya yarfe hannu ya ce, "Khalas, Yaya, a bar maganar. Ƙuri'ar talaka me take canzawa?"

Na ajiye cokali. Na ce masa ƙuri'a biyu tak gidanmu ya taɓa jefawa ba yadda aka so ba, kuma ba su hana kowa hawa kujera ba. Amma in da ba komai ba ne su, me ya sa aka ƙwace mana fadama a kansu?