Kwalbar Man Malam Gide

Daga Allah muke, kuma ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, bayan sallar azahar, Malam Gide Kafinta na Ƙanƙara ya riga mu komawa gare Shi. Ya yi jinyar wata biyu. Ya bar matarsa Hajiya Baraka, da ɗansa ɗaya Kamilu, da sandunan sinuka, wasan ƙwallon tebur, goma sha tara rataye a rumfarsa, waɗanda ko ɗigon mai bai taɓa su ba.

Ni ne Alhaji Dakta Abdulgafar, Shugaban Ƙungiyar Masu Buga Sinuka ta Afirka ta Yamma baki ɗaya. Labarin ya iske ni a tsakiyar taro a ƙasar waje, na sa aka tsayar da taron. Na yi umarni a karanta wannan takarda a wurin addu'ar bakwai, a gaban kowa, kuma kafin a raba waina, domin na san mutanen garin nan, da zarar an raba ba su ƙara sauraren kowa.

Malam Gide, ba zan yi maka ƙarya don kana kwance ba. Rahotanni suna iske ni cewa tun ranar Talata ake ta faɗin kai mutum ne mai haƙuri da fara'a. Ban san wanda suke nufi ba. Wanda na sani mutum ne mai zafin rai, wanda in an gaishe shi yana aiki sai ya amsa da hanci. Ba ka taɓa yaba ma kowa ba. Amma daga Ƙanƙara zuwa Faskari zuwa Sabuwa, duk teburin da aka buga ƙwallo ta tafi inda aka aike ta, in an duba sandarka ce. Masu zaune a tabarmar gaba yau suna girgiza kai, su ne suka shekara ashirin suna kiran sana'arka sandar zaman banza, suna hana 'ya'yansu tsayawa a rumfarka. Allah Ya karɓi zuwansu, tunda dai sun zo.

Alherinka ma da zagi kake haɗa shi. Lokacin da injin niƙa ya cire ma ɗan wasan nan Uwais yatsu biyu, ya daina zuwa wasa don kunya, kai ka aika aka kira shi. Ka auna hannun nasa da zare, ka ce mashi sakarai ne da ya ba inji hannu. Bayan wata biyu ka jefa mashi sanda siririya wadda ta zauna daidai cikin yatsu ukkun da suka rage, ka ce ya tashi ya ba ka wuri. Har yau da ita yake cinye mutane.

Sassaƙa ba ita ce ta bambanta ka da sauran kafintoci ba, shafa ce. Kowa yana iya fere marke ya miƙe. Kai sai ka bar shi shekara biyu a saman azara, ka fere, ka bi da sanfefa, takardar goge katako, kashi ukku. Sannan ka shafa jiƙaƙƙen tsumma don gashin itacen ya tashi, ka bari ya bushe, ka sake gogewa. Daga nan sai mai, wani man katako mai bushewa da kake sayowa a Funtuwa, launinsa kamar zuma. Ɗigo kaɗan a tafin hannu, a murza har itacen ya yi ɗumi, a goge duk abin da bai shiga ba, a rataye sandar da igiya. Bayan kwana ukku a sake, in da damina ne kwana biyar, har sau bakwai. Kakin zuma na garin Ruwan Godiya gindin sanda kaɗai yake samu. Gaban, inda yake bi tsakanin yatsu, da ƙyallen fata kake murza shi har ya yi santsin da ba ya ƙyalli. Gwajinka ɗaya ne: ka jiƙa hannu, ka ja sandar. In ta yi ƙara ko ta tsaya, ba ta fita rumfar.

Banish kuwa, man ƙyallin nan da ake fesa ma katako, ka fi ƙinsa da zazzaɓi. Ka ce yana zama ne a saman itace kamar leda, yana ruɗin ido a shago, amma da hannu ya yi gumi sai sanda ta kama yatsa daidai lokacin da mutum ya fi buƙatar ta wuce.

Wannan ya kawo ni kan ƙanenka, Alhaji Mas'ud mai gidan sinuka a Faskari. Alhaji, ina gaisuwa, ina kuma yi maka ta'aziyya. An sanar da ofishina cewa tun ranar sadakar ukku akwai gwangwanin feshi guda shida a bayan motarka. An ce ka shiga rumfar sau biyu, kana kuka da ido ɗaya kana ƙirga sanduna da ɗayan. An ce yau in an watse za ka kwashe goma sha taran nan, ka fesa musu banish a yini guda, ka jera su da sunan yayanka. Kuma Kamilu, wanda shi ke da gadon, ya ce ka ɗauka, shi gobe zai koma Sabuwa. Kai ka san dalilin da ya sa ya ce haka, tunda kai kake tuna mashi da shi safe da yamma. Don baƙi, bari in maimaita.

Shekara ukku da suka wuce, da damina irin wannan, Malam Gide ya ba Kamilu sanduna shida ya shafe su shi kaɗai, karon farko. Shekara tara yana goge ƙura da riƙe sanfefa kafin a miƙa mashi kwalbar nan. Ya yi komai yadda aka koya mashi. Kwana biyar, sanduna ba su bushe ba. Ya ce laima ce, ya ƙara jira. Ya sake shafawa, suka ƙara danƙo. A mako na ukku kiyashi suka bi igiya suka sauko, ɓeraye suka biyo bayansu. Da safe aka buɗe rumfa aka iske itacen shekara biyu an gaigaye shi kamar rogo.

Rumfar ta cika da 'yan kallo. Malam Gide, ka ɗauki tsumman ka kai hanci.

"Mi ka zuba ma itacen nan?"

"Abin da ka ba ni, Baba."

"Man tuya ne. Ka saida nawa, ka sa man gyaɗa." Kamilu ya fara rantsuwa, ka ɗaga mashi hannu. "Hannunka kada ya ƙara taɓa sandata, ina raye ko ba ni."

Ba ka tambayi wanda ya shiga rumfar ba. Ba ka tuna cewa yaron ya yi makon farko da mura, ko hayaƙi ba ya ji ba. Shekara tara ba ka taɓa kama shi da ƙusa ɗaya ba, amma kafin shayi ya huce ka yanke hukunci. Wannan shi ne haƙurin da ake yabo tun ranar Talata.

Gari ya sa mashi suna Mai Ƙosai. Ya kwashe kayansa ya koma Sabuwa yana buga benci da ƙofofi. Duk Sallah yana biyo wannan hanya mai haɗari da kowa ya san halinta, ya tsaya a bakin rumfa hannuwansa a baya, ya gaishe ka, ka amsa da hanci. Da ka kwanta, shi ya ɗaga ka, shi ya ba ka kunu a baki. Ka sha. Maganar ce dai ba ka janye ba, kuma shi ya ɗauke ta tamkar wasiyya.

Ƙungiyarmu ta yi bincike, ga abin da ta gano. Akwai wani matashi a unguwar, marar aiki sai tsokana, wanda ba ya wuce akuya bai ɗaura mata gwangwani ba. Kwana biyu kafin a miƙa ma Kamilu kwalbar, wannan matashi ya jingina sabuwar sanda a bango, abin da ka hana domin yana tanƙware ta, ya kuma barbaɗa mata hoda. Ka kwaɗe mashi yatsu da ma'auni a gaban abokansa, ka ce uwarsa ta fi shi amfani ko tana barci. Ya tafi yana dariya, amma ya ƙullace ka. Ranar Juma'a, kowa yana masallaci, ya shiga ta bayan rumfa, ya zubar da man Funtuwa a kwata, ya cika kwalbar da man gyaɗa daga tukunyar gidansu. Launin ɗaya ne. Lissafinsa shi ne kai za ka shafa, hancinka ya gane nan take, ka yi ta zage-zage, unguwa ta samu abin dariya na kwana biyu. Bai san kwalbar za ta sauya hannu ba.

Ranar ɓerayen yana cikin 'yan kallo. Kalma ɗaya ta ishe shi ya ceci Kamilu. Ya dubi ma'aunin da ke hannunka, ya ja da baya. Da aka fara dariya, tasa ta fi ta kowa ƙarfi, kuma sunan Mai Ƙosai daga bakinsa ya fara fita.

Ya zo duba ka kwana goma kafin ka cika, da niyyar ya faɗa. Ka buɗe ido ka ce, "Kai ne? Mi ka jingina mani a bango yau?" Sai ya ba ka labarin wani mahauci da ya faɗa kwata, ya yi sallama. Yana fita ya ga sanda a rataye bayan ƙofar ɗakinka, siririya kamar kara, da tabon haƙori a jikinta. Hajiya Baraka ta ce mashi ɗaya ce daga cikin shidan nan. Ta ce shekara ukku kana kankare ta kana shanyawa, man yana sake tsatsowa, kuma ba ka yarda kowa ya jefar da ita ba. Malam Gide, a nan na fi jin haushinka. Ka iya zama shekara ukku kana neman gyara sandar yaron a ɓoye, amma ba ka iya kiransa ka ce ya zauna ku yi magana ba. Kai da wancan matsoracin kun taru kun cuce shi.

Saboda haka ina roƙon Malam Liman, tunda takardar tana hannunsa, ya faɗa ma Kamilu a gaban jama'a abin da ni ba ni da ilimin faɗa da kyau. Marigayi ya ɗora maganarsa ne a kan hannun da ya zuba man gyaɗa, kuma ba hannun Kamilu ba ne. A ƙasar nan kaf babu wanda ya san shafa bakwai ɗin nan sai shi. In aka bar sandunan suka shiga motar Faskari, a yau za a binne Malam Gide karo na biyu. Alhaji Mas'ud, gwangwanayenka ba za su lalace ba, ƙofar gidanka ta daɗe tana neman fenti.

Ya Allah, ga bawanKa Gide ya zo maKa. Ya yi zafi, amma bai taɓa sayar da itace ɗanye ya ce busasshe ne ba. Ka gafarta mashi hukuncin da ya yanke da gaggawa, domin ruɗar shi aka yi. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa mashi tambaya fiye da yadda ya sauƙaƙa ma mutane. Hajiya Baraka, Allah Ya ba ki haƙurin rashi, Ya saka miki da haƙurin da kika yi tsakanin miji da ɗa. Kamilu, Allah Ya ji ƙan Baba, Ya sa albarka a hannunka. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Saura sa hannu. Babu wani Alhaji Dakta Abdulgafar, babu ƙungiya, kuma iyakar ƙasar wajen da na taɓa zuwa Funtuwa ce. Hatimin da ke saman takardar nan da tsohon silifa na sassaƙa shi. Da na sa sunana tun farko, Malam Liman ba zai buɗe ambulan ɗin ba, kuma da gaskiyarsa. Ni ne Mani, ɗan Suwaibatu mai ƙuli, wanda allo kaɗai ya yi, bokon ma a waya ya tsince shi. Man daga tukunyar uwata na ɗebo, ita ba ta sani ba sai yanzu. Ina zaune a tabarmar ƙarshe kusa da ƙofa, kuma ba don gudu na zaɓi wurin ba.

Yaya Kamilu, ban ce ka yafe mini yau ba. Akwai sabuwar kwalba a hannun Hajiya, jiya na sayo ta, ba a ɓalle murfinta ba. Duk da haka ka shinshina kafin ka zuba. Maganar Baba kuwa ta dawo kan hannun da ya cancance ta, wato nawa. Sandarsa da nake wasa da ita shekara biyar na rataye ta a rumfa da safen nan, da igiya, ba a bango ba. Hannuna ba zai ƙara taɓa ta ba.