Hanyar Kufai da Ta Maƙale a Katin Memori

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, sana'ata ɗinki ce a nan Haɗeja, abin da zan yi tambaya a kansa kuwa na masu ilimin na'ura ne. Tsorona shi ne in faɗi wata kalma ba daidai ba, wani ya ba ni shawara a kan kuskurena, in bi, in ɓata abin da ba shi da madadi. Amma shekaranjiya wani mutum ya shigo shagona daga fadama, ƙafafunsa duk laka, ya kawo ɗinkin wando. Warin lakar sabon ruwa, haɗe da ƙarnin kifi da ruɓaɓɓen ganyen bado, ya cika shagon. Na tsayar da keken ɗinki. Ruwa ya fara zuwa ke nan, ni kuma ba ni da sauran lokacin jin kunya.

Mai karatu, ka yi haƙuri in fara daga nesa, don in ban yi haka ba ba za ka gane abin da ya sa tela yake damuwa da rakoda ba.

Mahaifiyata ta rasu ban isa yaye ba. An binne ta a tsohon ƙauyenmu, can cikin fadama, wanda ambaliya ta yi ta ci shekara da shekaru har mutane suka gaji, suka tashi suka koma kan tudu. A hannun kakana na wajen uwa na girma. Kowace shekara, idan ruwa ya cika ya tsaya, gero ya fara nuna, sai kaka ya ce a duba jirgi a toshe inda yake yoyo, za a je gaida mutanen kufai. Kawu, ƙanen mahaifiyata, shi ke tsaye a baya da gwangwala yana tura jirgin. Kaka yana zaune a gaba, ni kuma a tsakiya a kan tsohon buhu, an ajiye mini ƙwaryar fura tsakanin ƙafafu an ce in riƙe kada ta kife.

Har yanzu ina jin sanyin ruwan nan a yatsuna. Furannin bado farare sun buɗe ko'ina, balbelu sun jeru a kan rassan da ruwa ya shanye rabinsu, can nesa masunta suna kwance a kan gora suna iyo. In jirgi ya ratsa cikin shinkafa, sai ka ji tana shafar gefensa kamar ana share tsakar gida.

Kaka ba ya tafiya a ruwa da baki rufe. Kowace kwana da kowane lungu suna da suna, yana kiran su ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaida maƙwabta, kawu yana maimaitawa daga baya. Mashayar Jakai, Zurfin Tsamiya, Goruba Mai Kwanciya, Mashigar Dinya. Kowane suna da labarinsa: inda bijimin wani ya nutse, inda mata suka tono saiwar bado a shekarar yunwa, inda ake sauke murya saboda tsuntsaye na kan ƙwai. Kowane kuma da alamarsa, wace bishiya za ka bari a kafaɗar dama, wane tudu za ka sa a gaba har sai ka hango na bayansa.

Ni dai ban taɓa jin ƙarshen jerin ba. Rana na ɗagawa, jirgi na lilo, muryar kaka na tafiya a hankali, sai barci ya ɗauke ni da ƙwaryar fura a hannu. Ba na farkawa sai na ji ƙasan jirgi ya gurji yashi. Kaka ya taɓa ni da ƙafa ya ce, “Sarkin barci, an iso. Da kai ne matuƙi, da yanzu kifi yana mana ta'aziyya.” Sai ya kama hannuna mu hau tudu, mu tsaya a ƙarƙashin wata kanya, inda aka binne mahaifiyata. Babu wata alama a wurin, ƙasa ce kawai da busassun ganye da tururuwa. Ya ɗaga hannu yana addu'a, ni ma in ɗaga. Inuwar kanyar nan na san ta sarai. Hanyar zuwa gare ta ce ban sani ba.

Kaka ya rasu, aka kawo ni gari koyon ɗinki, tafiyar ta tsaya. Muna ta cewa baɗi, baɗi, har kacala ta shigo. Wanda ya san fadamarmu ya san ciyawar nan, doguwa ce ta fi mutum, in ta kama wuri sai ta shaƙe shi. Ta toshe hanyoyin da muke bi, ruwa ya nemi wasu. Masuntan yanzu sun ji labarin kufan, amma duk wanda na tambaya sai ya nuna mini wani gefe daban. Wani dattijo a cikinsu ya ce bishiyoyin tudu suna nan, wanda ya san jerinsu zai iya sa a sare masa hanya har can. Wanda ya san jerin kuwa mutum ɗaya ya rage, kawu.

Kawu ya tsufa, idanunsa sun yi rauni, yini yake a ƙarƙashin rumfa a ƙofar ɗakinsa. Jerin yana kansa, amma ba ya fitowa don an tambaya. Sai ranar da ya ga dama, kana zaune sai ka ji ya ce a kwance igiyar jirgi, daga nan ya kama hanya, suna yana jan suna, labari yana jan labari, ya ci awanni bai tsaya ba. Na taɓa roƙonsa ya fara mini daga Mashigar Dinya, tunda na farkon na riƙe su. Ya yi ta motsa leɓe, na ga yana nema bai samu ba, har raina ya ɓaci da na tambaya. Can ya ce, “Ɗan nan, ba a shiga jirgi a tsakiyar ruwa.”

Shi ya sa na nemi rakoda, irin ƙaramar nan mai shiga aljihu, ta hannu ce na samu. Ni mutum ne mai awo sau biyu kafin in sa almakashi, don haka na sa aka saita mini ita a kan murya mafi kyau da take iyawa, kada kalma ɗaya ta shige duhu. Allah ya taimake ni, ina zaune kawu ya kama hanya, na danna, ya tafi har ya sauka a gindin kanya. Na ji ƙarshen da kunnena a ranar, amma sunayen suna da yawa, wasu ma ba su yi kama da Hausa ba, kuma na saki jiki cewa na'ura tana riƙe mini. Da na koma gida na kunna, sai na tarar ƙaramin katin memorin da ya zo da ita ya cika tun muna Zurfin Tsamiya.

Na ce to, kati ne ya yi kaɗan. Na nemo babba, mai giga sittin da huɗu. Rakoda ta ƙi ganinsa sam. Mai gyaran waya na layinmu ya ce tsarin katin sabo ne, ita kuma tsohon tsari ta sani, ya sa shi a kwamfuta ya yi masa abin da suke kira fomat. Ta karɓa, har ta nuna awanni masu yawa da ban yi zato ba. Hankalina ya kwanta.

Tunda ba zan iya rufe shago in tare a ƙauye ina jiran ranar da kawu zai ga dama ba, sai na bar rakodar a hannun inna, matarsa. Na nuna mata jan maɓalli guda, na ce kullum in sun karya ta danna ta ajiye a kan turmi kusa da shi, kada ta taɓa komai bayan wannan. Da na dawo, ta tare ni da albishir cewa ya yi tafiyar, ya kai har gindin kanya. Na zauna a zaure na kunna. Gaisuwar safe ce, da kukan kaji, da ƙarar daka, sannan kawu ya kwance igiya, bai yi nisa ba murya ta yanke. Na duba na sauran ranakun, kowanne a daidai wannan tsawon ya tsaya, alhali katin ko kusa da cika bai yi ba. Inna ta leƙo ta ga fuskata, na yi mata bayani. Ta yi dariya ta ce, “Ashe abin naka gado ya yi. Shi ma barci yake kafin a iso.”

Na canza batir, na sa masu tsada. Na ari wani katin na gwada. Na bar ta a shago tana ɗaukar ƙarar keken ɗinki, ina kallon ta da gefen ido, ta zo daidai wurin ta tsaya da kanta. Na koma wurin mai gyaran waya. Ya duba a kwamfuta ya nuna mini cewa kowane fayil, wato kowace ɗauka guda, a giga biyu yake tsayawa. Ya ce in ɗauka katin rumbu ne, amma rakodar da buhu take zubawa, kuma buhunta ba ya wuce wannan awon komai girman rumbu. Wasu na'urorin in buhu ya cika sai su ɗauki wani su ci gaba, tawa kuwa tsayawa take ta jira a danna. Kuma ni na ƙara wa kaina, wai saitin da na zaɓa shi ne mafi saurin cika buhu.

Ya ce a rage kyan muryar, a kuma mai da ita ta kunne ɗaya, za ta daɗe sosai. Na yi ta jinkiri a kan wannan, don muryar kawu ta yi ƙasa, wani lokaci kamar raɗa, ina gudun a rage a rage har ta ɓace. Sai da na gwada da muryata daga nesa na ji tana fita, sannan na yarda. Na mayar wa inna.

Wannan karon ma kawu ya yi tafiyar, ya fara da hantsi, kafin azahar ya sauka. Inna ta ce ta zauna ta saurara har ƙarshe, ta ji ya kira sunan yayarsa a gindin kanya, kuma jar fitilar rakodar tana kunne a lokacin, ta duba da idonta. Sai dai ni ne na ce kada ta taɓa komai, don haka ba ta kashe ba. Ta bar ta tana ta ɗauka har ta mutu da kanta. Ban sani ba ko buhun ne ya cika, ko batir ne ya ƙare tana cikin aiki. Abin da na sani shi ne fayil ɗin ranar yana nan, nauyinsa ya kusa giga biyu, amma tsawon lokacinsa sifili yake nunawa. Rakoda ta ƙi kunna shi, waya ta ƙi, kwamfuta ta ce ya lalace. Mai gyaran ya ce a ganinsa muryar tana ciki, bakin buhun ne ba a ɗinke ba, amma iya saninsa ke nan, ba zai taɓa ba ya ɓata mini. Na gode masa da ya faɗi gaskiya. Ya kwafa mini shi a kwamfutarsa, ni kuma na cire katin na naɗe a ƙyalle, ban ƙara sa shi a komai ba.

Bayan wannan kawu ya kwanta zazzaɓi. Ya tashi, alhamdulillahi, yana cin abinci, yana gane mutane. Yakan kwance igiya har yanzu, inna tana dannawa da wani katin. Amma duk ranar da ya kama hanya, in ya zo Mashigar Dinya sai ya tsaya. Ranar da nake wurin na jira, na jira, sai ya juyo wajen da yake jin numfashina ya ce, “Ruwa ya janye, ɗan nan. A bari sai baɗi.”

A da, hanya a bakin mutane take, yaro yana maimaitawa a bayan jirgi har ta zauna masa. Mu mun tafi gari, muka bar ta a bakin tsoho ɗaya, yanzu kuma tana cikin wani abu da bai kai farcen yatsa ba. Yarana sun san sunan kakarsu, ba su san inda take ba, ni ma da nake ubansu ba zan iya kai su ba.

Don haka ga roƙona. In akwai wanda ya san yadda ake buɗe irin wannan fayil, harufan ƙarshen sunansa WAV ne, ya bayyana mini dalla-dalla da Hausa mai sauƙi, ya kuma gaya mini abin da bai kamata a yi masa ba, don wannan na fi tsoro. In akwai wanda ya san saitin da ke sa ƙaramar rakoda ta buɗe sabon fayil da kanta in na farko ya cika, ko irin wadda take yin haka, shi ma ina so in ji, ko Allah zai sa kawu ya sake wucewa wata rana. In kuma kai ɗan fadama ne, kakanka ya taɓa ratsawa da kai ta Mashigar Dinya, wurin da ake sauke murya saboda dinya na kan ƙwai, ka tuna mini sunan da ke biye. Ko ɗaya ne ka rubuto a nan inda ka ga wannan. Zan kai wa kawu in faɗa masa a kunne, wataƙila ya ja masa sauran.