Shayina Ya Bi Bayan Amurka

"Umma, ki raba mana gardama!" in ji Sadiya, 'yata da ke karatu a Ingila. Yayanta Bashir yana ɗaya gefen allon wayar daga Amurka, riƙe da wani kofi kamar bokiti.

Wai a can ƙanƙara ake zuba wa shayi. Sadiya ta ce wannan cin mutuncin shayi ne, a wurinsu sai da zafinsa da madararsa.

"Ku da kuke karyawa da waken gwangwani a kan burodi?" in ji Bashir.

"Ya fi soyayyiyar kaza da ruwan sukari, Yaya."

Ni fa na kira su ne in ji wa zai zo gida Babbar Sallah. Tun rasuwar babansu ni kaɗai nake shan shayin la'asar a gidan nan na Funtua.

Ina jira su numfasa in sa baki, sai Bashir ya ce aiki, Sadiya ta ce lacca. Allon ya yi baƙi.

Na duba kofina, shayin ya huce tuni. Haka na shanye shi. Bashir ya ci gardama ke nan, bai ma sani ba.

Ku da 'ya'yanku suke nesa, yaushe kuke samun wurin yin tambayarku?