Makau Mai Hoton Hayaƙin Taurari

Makau mutumin Abare ne, kuma da niƙan dutsen zinariya ya buɗe ido. A shekarar da gubar dalma ta shiga garin, 'ya'yansa biyu suka rasu mako guda tsakani. Mutane sun yi ta yabon haƙurinsa a wurin zaman makoki. Shi dai ya san ba haƙuri ba ne, komai ne ya daina ji. Ko tuwo ya ci, sai matarsa Habsu ta gaya masa gishiri ya yi yawa.

Da aka zo kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, ya shiga cikin leburori. A nan ya haɗu da Kamaluddeen, wani ma'aikacin lafiya daga Gusau, wanda kan kafa kyamara bisa ƙafafu uku bayan sallar isha'i ya saita ta sama. Wata rana ya nuna wa Makau hoton taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta, wani shuɗin hayaƙi ya lulluɓe su. Ya ce ƙura ce a can nesa, ido ba ya ganinta, sai an bar kyamara a buɗe ta daɗe tana tara haske. Washegari Makau ya dawo.

Bayan an gama aikin ya koma Anka, ya koyi ɗaukar hoto, ya buɗe ɗan shago kusa da tasha. Da rana fasfo da hotunan suna, da dare kuwa, lokacin rani, idan babu farin wata sai ya hau babur ya fita bayan gari. Shekaru ya yi yana samun ɗige-ɗige da zane-zane, don taurari ba sa tsayawa wuri ɗaya. A hankali ya gane dabarar: a ɗauki hotuna masu yawa, kowanne na ɗan gajeren lokaci, a haɗa su a kwamfuta.

Sai 'yan bindiga suka tare daji, fita bayan magariba ta gagara. Ya koma saman soron wani maƙwabcinsa, yana jiran masu janareto su kashe.

A nan ya samu hoton, bara. Shuɗin ya fito sarai. Ya zauna a shago yana kallonsa, yana jiran ya ji wani abu a ransa. Bai ji ba. Ya wanke hoton ya kai gida.

Habsu ta juya shi sama da ƙasa. "Mi na na?"

"Ƙura ta," in ji shi.

Ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye shi ko ke nan ya gama. Ya ce akwai wani jan hayaƙi a ƙarƙashin taurari ukun nan da ke jere, shi zai nema idan damina ta wuce. Ta jingina hoton a bayan kwanonin jerenta, ta tashi ta ɗora ruwan zafi.