Awon Ƙirjin Tela

A layin masu ɗinki Almakashi ake ce mata, don bakinta ya fi na hannunta kaifi. A kan keken ɗinki ta tsufa, da shi ta raini 'ya'yanta, kuma ba ta san wani abu wai shi jira ba.

Shi ya sa da likita ya ce ƙullutun da ke nononta na hagu ciwon daji ne, cewa ta yi, "To yanke shi yau, ina da ɗinkin mutane."

"Ya yi girma, Mama. Sai mun yi ta ƙara miki ruwan magani ya motse, sannan a yi tiyata."

Haka ta yi watanni tana zama a kujerar asibiti, ruwa na ɗiga kamar lalataccen famfo. Ga amai, ga gashi yana bin mataji. Abin da ya fi ci mata rai yatsunta ne: sun daina jin komai sosai, zare ya gagara shiga allura. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Amma tela ba ta raba hannu da tef. Kullum sai ta auna ƙullutun, har ranar da ta laluba ba ta same shi ba. Nan take ta yanke hukunci: abin da tef bai kama ba, babu shi. Ita da tiyata sai dai a ji a bakin wasu.

Da ta koma ta gaya wa likita, bai yi mata faɗa ba. "Hannu ne ya daina jinsa, Mama. Sauran yana ciki. In aka bar shi zai dawo, kuma da ƙarfinsa."

Ta fito ta kama hanyar gida.

Ranar tiyata na matsowa, a gida an rasa mai tambayarta ko za ta je. Autarta, wadda ke riƙe da shagon, ta kawo yadi za ta yi mata riga, tunda tsofaffin duk sun yi mata yawa. Ta auna kafaɗa, ta auna hannu. Da ta zagayo da tef ƙirji, uwar ta riƙe shi.

"Bar nan tukuna, Auta," ta ce a hankali. "Kar mu ɓata yadi. Bari likita ya gama nasa yankan, sai ki auna abin da ya rage."