Ranar da Na Raka Baba Kabarin Malaminsa

Likitan unguwar Marylebone ya ce wa Baba, da ya zo wurina daga Kano neman magani, zuciyarsa ta gaji, ya rage tafiya, ya rage gishiri, ya rage musu. Muna fitowa daga asibitin Baba ya zaro wata takarda daga aljihun jamfarsa, ninki huɗu, duk ta yi laushi. Jerin wurare ne da ya rubuta tun kafin a haife ni.

"Gobe za ki kai ni," in ji shi. "A ƙafa. Masu mota ba sa ganin komai."

Mahaifina ɗan ƙungiyar ƙwadago ne na wata masaƙa a Kano. Yana saurayi aka tura shi kwas Mosko na wata tara, ya dawo da hular gashi da akwatin littattafai da akidar gurguzu wadda ba ta sake shi ba har tsufa. Hoton wani Bajamushe mai tarin gemu ne a falonmu, Baba yana kiransa Malam. Baƙi kan ɗauka wani shehi ne, Inna ta ce musu, "Ba shehi ba ne, shi ne dai ya cinye mana albashi."

Sau uku ana korar Baba daga aiki saboda yajin aiki. Ɗinkin Inna ne ya ciyar da mu, shi ya kai ni har karatun haɗa magunguna. Ranar da ta rasu yana Legas wajen taro. Ta cika da hantsi, kafin azahar kawuna ya kai ta makwancinta, mu mata muna gida. Baba ya iso bayan kwana biyu, ya zauna a tabarma ya karɓi gaisuwa, idonsa a bushe. Shekara goma sha tara ina jiran in ji ya ce ya yi kuskure. Shi ya sa na ɗauki hutu daga kantin maganin da nake aiki a Stratford, na yarda da tafiyar. Na ce wataƙila mutumin da likita ya gaya wa gaskiya zai iya faɗin tasa.

Muka fara da Soho. A wani matsattsen titi ya tsaya, ya ɗaga sanda ya nuna wani shuɗin faranti mai ɗauke da sunan Malam a jikin bango, a saman gidan cin abinci. Nan Malam ya zauna da iyalinsa a ɗaki biyu, cikin talauci.

"'Ya'yansa sun mutu a nan saboda rashi," in ji Baba. "Amma bai ajiye alƙalami ba."

"Matarsa fa?"

"Ta yi haƙuri. Mace ce ta gari."

Wata ma'aikaciya ta fito ta tambaye mu ko mun yi booking, wato mun kama tebur tun da wuri, Baba ya dubi farashin abincin da ke ƙofar ya yi tsaki, ya fara yi mata bayanin yadda ake tatsar guminta. Ta yi murmushi ta koma ciki.

Daga nan muka miƙe gabas zuwa Clerkenwell, yana tafiya yana hutawa a kowane benci. Wani ɗan ginin laburare ne mai jar ƙofa, inda ya ce wani jagoran juyin juya halin Rasha ya taɓa buga jarida. A rufe muka same shi. Baba ya manna goshi a gilashi yana leƙe, ya lissafa min sunayen abokansa da suka mutu ba su ga wannan ƙofa ba. Mutum goma sha ɗaya ya kira, har da wanda ya taɓa cin amanarsu. Na kasa kunne, bai kira Inna ba.

Maƙabartar Highgate tana da nisa, dole ya yarda muka hau bas, amma tudun ƙarshe ya rantse da ƙafarsa zai hau. Leɓensa ya yi fari, na riƙe masa hannu ina ƙirga bugun jijiyarsa ba tare da ya sani ba. A bakin ƙofa aka ce sai an sayi tikiti. Na zaci zai yi faɗa, sai ya ce, "Biya kawai," kamar mai tsoron kada a fasa.

Kabarin Malam ba ya ɓuya. Ƙaton kai ne na tagulla a kan dutse, gemun nan da na tashi ina share wa ƙura. Ga furanni, ga 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto. Baba ya tsaya, ya jingina sandarsa, sai na ga ya ɗaga tafukansa biyu yadda ya saba a maƙabarta. Ya tuna inda yake, ya sauke su da sauri. Sannan ya fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa ji daga bakinsa ba, har kafaɗunsa suna girgiza.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ban kuma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Na bari ya share ido da hannun riga, na ce, "Baba, ina kabarin Inna yake?"

Ya juyo ya dube ni.

"Ka ƙetare teku, ka hau tudu da ciwon zuciya, ka gane na wannan ba wanda ya nuna maka. Nata fa? Ta wace ƙofa ake shiga?"

Kaburburanmu ba su da suna, tudun ƙasa ne da fasassun tukwane, damina biyu ta isa ta daidaita su. Kawuna da ya san wurin ya riga ya rasu.

"Na nema," in ji shi. "Mai gadin ya nuna min wuri uku. Ya ce ɗaya daga cikinsu ne."

"Yaushe ka je?"

"Bayan na yi ritaya."

Wato sai da ta shekara bakwai da rasuwa ya je. Na jira sauran maganar, na ba shi dukkan lokacin da yake buƙata. Ya buɗe baki, na ɗauka ga ta nan tafe. Sai ya miƙo min wayarsa.

"Ɗauke ni hoto, 'yan ƙungiya za su so su gani. Ki tabbata kan ya fito duka."

Na ɗauka. Kan ya fito duka.

A tasi muka koma, bai yi gardama ba. Ya yi wata biyu a gidana yana shan magani a kan lokaci, yana wasa da jikokinsa da ke amsa masa Hausa da Turanci, bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Ya koma Kano, ya rasu kafin shekara ta zagayo.

Ƙanena ya turo min hoto bayan sadakar bakwai. Tsofaffin abokan gwagwarmayarsa sun yi karo-karo sun kafa allon ƙarfe a kan kabarinsa, sun zuba masa siminti a gindi, sun rubuta sunansa da jan fenti, a ƙasa suka sa: bai taɓa mantawa da talaka ba. Maƙabarta ɗaya suke da Inna. Nasa kowa zai gane.