Kawu Sale da Gatarin Turawan Da

Duk wanda ya san Kawu Sale ya san ba ya ganin doguwar sanda ya ƙyale. In ya shigo gidana a unguwar Longsight, nan Ingila, kafin ya amsa gaisuwa ya ɗauki sandar mofa, ya ware ƙafa, ya fara kai wa iska sara.

"Kawu, goge-goge fa nake!"

"Haba Zulai, sanda mai kyau haka a ce ƙasa take lasa?"

GP, wato likitansa, shi ya jawo mana. Ya ce a riƙa motsa jiki, mu muka ɗauka tattaki zai fara. Ina! Sai ya shiga ƙungiyar masu koyon yaƙin Turawan da, ya dawo da wata sanda da ta fi shi tsawo, kanta gatari, ga tsini kamar mashi.

Ranar gasarsu a Birmingham ya naɗe ta a tsohon labule. Direban bas ya ce, "Sandar labule ce?" Kawu ya ce, "Kai ka faɗa." Ya dawo yana ɗingishi. Na ce wa ya yi nasara?

"Wata yarinya 'yar jami'a. Amma ta sha wuya!"

Kuna dariya, ni kuwa kullum gabana faɗuwa yake. Tsoho, baƙar fata, ga gemu, ga gatari, a ƙasar nan? Ba sallar da ban roƙa masa tsari ba.

Ranar da na ji an kira masa 'yan sanda yana atisaye a filin da ke bayan gidansa, da silifas ɗin wanka na ruga, ina salati. Na tarar da su tsaye, ɗaya yana lanƙwasa kan gatarin. Ashe roba ne! Kawu kuwa ya tsare ƙofa, yana koya musu yadda ake maƙalo ƙafar abokin gaba. Su ne ke roƙo a bar su su tafi.

"Ku dawo Asabar, tsayuwarku ba kyau!"

Da mutuwar ta zo, ba a titi ta same shi ba, ba a hannun kowa ba. A kan gadonsa ya cika, muna gefensa, da kalmar shahada a bakinsa. Cikin kuka na ji ina cewa alhamdu lillahi.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabari, Ya sa ya huta.